Shekarar da Inna ta manta Larabci

Sau ɗaya tak na taɓa zama malama a rayuwata, kuma ɗalibaina kusan duk sun fi ni iya abin da nake koya musu. Kada a ɗauka tawali'u ne ya sa na faɗi haka, ba ni da shi, kowa a gidanmu zai ba da shaida. Larabci aka ɗauke ni in koyar, ɗaliban kuwa tsofaffin matan unguwarmu ta Nakkasa ne, waɗanda suka yi ciniki da faɗa da zaman makoki da Larabcin Makka tun ban san damata da haguna ba. Ta gaba-gaba a cikinsu ita ce mahaifiyata.

Inna a goye aka shigo da ita garin nan. Iyayenta sun taso daga ƙasar Kano da niyyar aikin hajji, suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga har suka samu abin shiga jirgin ruwa, a can aka haife ta. Da suka sauke farali sai suka zauna. A kan dutsen Nakkasa ta yi wayo, a nan aka yi mata aure, a nan ta haife mu, daga nan kuma aka sauko da gawar mahaifinmu a kafaɗa saboda mota ba ta iya hawa lungunmu. Duk da haka a takarda baƙuwa ce, ni ma da aka yanke wa cibi a Makka baƙuwa ce. Igama muke riƙe da ita, takardar izinin zama, muna sabunta ta in lokacinta ya yi.

Da aka zo rushe ɓangarenmu na unguwar, aka bi gidaje ana shafa musu jan fenti, kowa ya kwashe komatsansa ya nufi inda aljihunsa ya kai shi. Mu muka samu ɗakuna a hawa na uku a unguwar Rusaifa, da famfo a cikin gida da mukayyif mai hura sanyi. Ni dai na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na gaji da ɗaukar jarka a kan matakala. Inna kuwa ta tsani gidan tun ranar farko. Ta ce maƙwabta ba su sallama, ta ce sanyin yana shiga mata ƙashi, ta ce ko kukan yaron wani ba ta ji. Matar da a da in ba ta leƙa gida biyar kafin azahar ba sai a aiko a ji ko lafiya, ta koma zama a bakin taga tana ƙirga motoci. Abincinta ya ragu, faɗanta ma ya ragu, kuma wannan na biyun ne ya fi ba ni tsoro.

Abin da ya fi cin ta shi ne rabuwa da Goggo. Ba 'yar'uwarmu ce ta jini ba, aminiyar Inna ce, iyayenta ta Cadi suka biyo. Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, ta samanta suke miƙa wa juna gishiri da labari. Goggo ta yi shekaru tana tuyar fanke a bakin lungu, muryarta kuwa in ta kira jikanta daga saman dutse har masu shago a titi suna waigowa. 'Ya'yanta maza suka ɗauke ta suka kai ta wani sabon gini can hanyar Jidda, inda a cewarta ko kyanwa ba ta jin Hausa. Suna da waya dukansu, amma kunnen Goggo ya yi nauyi, hirar ba ta wuce “Kina ji na?” da “Na ce kina ji na?” har ɗaya ta gaji ta kashe.

Ana cikin haka wata da muka yi makaranta tare ta neme ni. Ita ce mudira, wato shugabar ɓangaren mata, a wata cibiyar unguwa kusa da kasuwar Mansur. Ta ce hukumar gari ta ware kuɗi don abin da takardar ta kira sajewar baƙi da jama'ar gari, kuma cibiyarsu ta samu kaso: aji na mata baƙi da ba su jin Larabci, sau biyu a mako. Za a ba da ɗaki da allo da shayi, da ɗan alawus ga malama, da mota mai ɗauko ɗalibai daga gidajensu ta mayar da su. Malamar da ke jin Hausa da Larabci take nema. Sharaɗi biyu ne kawai, ɗalibai su kai goma sha biyar, kuma kowace ta zo da igama mai rai.

Na amsa da rawar jiki, na yi yawo na mako biyu a Mansur ina cigiya, na dawo da mutum uku. Wanda ya tsara shirin nan Allah ya ba shi ladan niyyarsa, amma bai san mutanenmu ba. Macen da ba ta jin Larabci a Makka, yawanci wadda ta zo umara ce ta maƙale, kuma ko da ɗaure ta aka yi ba za ta kai sunanta inda akwai hatimin hukuma ba. Wadda take da igama mai rai kuwa ta daɗe a garin har Larabcin ya zame mata ruwan sha. Ukun da na samu amare ne 'yan Nijar da mazajensu suka kawo su da takardu cikakku. Saura goma sha biyu, kwanaki kuma suna tafiya.

Na dawo gida wata rana da yamma ina mita, ina cire takalmi ina zayyana wa bango damuwata, don ban zaci Inna tana saurare ba. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana.

“Ke,” ta ce daga bakin taga, “motar nan da kika ce, har ƙofar gida take zuwa?”

“Har ƙofar gida, Inna.”

“Ko da gidan yana hanyar Jidda?”

“Ko ina yake, in dai Makka ce.”

“To rubuta ni.”

“Inna, ajin na waɗanda ba su jin Larabci ne.”

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. “Wa ya ce miki ina ji?”

Da safen ranar nan da kunnena na ji ta tana wanke mai kawo tukunyar gas tas da Larabci, har sai da bawan Allah ya rantse da kabarin uwarsa cewa ba shi ya ƙara kuɗin ba. Na buɗe baki zan tuna mata, sai na ga ta riga ta jawo wayarta tana cewa in nemo mata lambar Goggo. Rabon da in ga idonta yana wannan ƙyallin tun muna Nakkasa, don haka na rufe bakina na nemo lambar.

Kafin sallar Juma'a sunaye sun kai goma sha tara. Na kai wa mudira jerin. Ranar buɗe aji ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ɗalibanta suna saukowa daga mota ɗaya bayan ɗaya, ana riƙe wa wannan sanda ana tallafar waccan. Goggo ta zo wucewa, ta dube ta, ta kusa cewa wani abu, sai Inna ta zungure ta da gwiwar hannu. Mudira ta ja ni gefe.

“Wannan ba ita ce mai fanken da muke saye a hanyar makaranta ba?”

“Kama ce,” na ce.

“Ita ce ta taɓa bi na da matsami saboda na taɓa mata tire. Da Larabci ta zage ni, har yau ina tuna zagin.”

“To ta manta shi. Tsufa ne.”

Ta kalli rufin ɗaki, sannan ta ce ita takarda take gani, takarda kuma ta cika. Daga ranar ba ta ƙara hawowa ajinmu ba sai ta yi gyaran murya tun daga ƙasan matakala.

Yadda darasin yake tafiya shi ne, in tsaya gaban allo in ce, “Wannan ƙofa ce,” su amsa baki ɗaya kamar 'yan makarantar allo, sannan wata ta ce, “Malama, ba haka mutanen Makka ke faɗa ba, wannan Larabcin rediyo ne.” Daga nan an gama karatu. Sai a buɗe kuloli. Mai dambu ta fito da dambu, mai ɗanwake ta fito da ɗanwake, Goggo ta zo da fanke a jakar leda yana naso. A ji wa ya mutu, wa ya haihu, ɗan wa aka kama ba takarda, 'yar wa ta samu aiki a asibiti. In aka ji takun baƙo a matakala sai kuloli su shige ƙarƙashin abaya, murya goma sha tara ta tashi da “Alif, ba, ta” har taga tana rawa.

Ba zan ce ba a koyi komai ba, don kada in zalunci kuɗin hukuma. Yawancinsu bakinsu ne ya iya Larabci, idonsu bai iya ba, kuma da na matsa, wasu suka fara haɗa baƙi. Goggo ta koyi rubuta sunanta, ta bi duk abin da ta mallaka ta rubuce shi, har murfin kula. Amaren nan uku kuwa, abin da suka kwasa a bakin tsofaffin ko shekara goma na yi ina rubutu a allo ba zan ba su ba: yadda ake taya kaya a Mansur ba a cuce ka ba, abin da ake faɗa wa likita, abin da ba a faɗa wa mai gidan haya, yadda ake yi wa maƙwabciya Balarabiya ta'aziyya. Cikin 'yan watanni suka fara mayar wa direbanmu magana. Inna kuwa ta koma cin abinci, ta koma yi mini faɗa kan yadda nake yanka albasa, ni kuma ina jin faɗan kamar ana mini kiɗa.

Shekara ta kusa zagayowa sai mudira ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce kafin a sabunta tallafin za a turo mai dubawa, mufattisha, ta gwada ɗalibai ta rubuta rahoto. Ta ce in fahimci abu ɗaya da kyau. In mai dubawa ta tarar ba su iya komai ba, za a ce shirin bai yi amfani ba a janye kuɗin. In ta tarar sun iya sosai, za a ce an cimma buri a rufe ajin. Abin da ake so shi ne tsaka-tsaki, a ga suna motsawa amma da sauran tafiya.

Na kai wa aji wannan labari, aka ture kuloli gefe, abin da ba a taɓa yi ba. Kowa ta san abin da za a rasa: in ajin ya tafi, motar ta tafi, in motar ta tafi kuwa babu mai sake ganin wata sai a gidan mutuwa. Goggo ce ta kawo shawara a yi shi kamar adashi. Bana mutum shida su ci jarrabawa, sauran su faɗi, baɗi wasu shida su ɗauka, a haka a haka har Allah ya yi ikonsa. Kowa ta ce madalla. Rigimar ta tashi ne da aka zo rabon waɗanda za su faɗi.

Babu wadda ta yarda a rubuta ta daƙiƙiya a takardar hukuma. Wata ta ce ita da ta yi shekaru tana yi wa alhazai tafinta a kasuwa ba za ta faɗi a gaban amaren da ta girmi iyayensu ba. Amaren kuma suka sunkuyar da kai suka ce su ba za su iya amsa tambayar da iyayensu suka kasa ba, kunya ba za ta bar su ba. Sai da aka yi zama biyu ana jan magana. A ƙarshe Inna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ita uwar malama ce, in ta ci za a ce son kai aka yi, don haka ta sadaukar da kanta, ita ce za ta zama ta ƙarshe a aji. Ta faɗi haka da irin muryar mai ba da kyautar gida. Goggo ta ce ba za ta bar aminiyarta ta faɗi ita kaɗai ba. Da manya biyu suka faɗi da girmansu, sai faɗuwa ta zama abin alfahari, har sai da na roƙi wasu su haƙura su ci.

Sai gwaji. A nan na gane baiwar da aka binne a Nakkasa. Matan nan sun shafe rayuwarsu suna jin Larabcin sababbin alhazai, sun san yadda baƙo ke lanƙwasa harshe, da yadda yake ware ido in an yi masa tambaya, da yadda yake ɗaga yatsu yana ƙirga riyal. Inna ta fi kowa. In na tambaye ta sunanta sai ta karkace kai, ta yi murmushin marainiya, ta ce, “Mafi ma'alum,” wato ban sani ba, irin na wanda ya sauka daga jirgi jiya. Aji ya kwashe da dariya har da masu share hawaye. Na ce mata ta rage gishiri, mutum ko yaya yake ya san sunansa bayan shekara guda a aji. Ta ce in bar ta da aikinta, ni in ji da allona.

Ranar ta zo, da hantsi. Mai dubawar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, da ganin yadda take magana ba 'yar Makka ba ce, daga can gabashin ƙasar aka turo ta. Tana da fara'a, tana riƙe da kwamfutar hannu, ta gaida kowa da “ya hala”, wato inna, tana magana a hankali tana buɗe baki sosai yadda ake yi wa kurma. Ta fara da amare, suka amsa daidai gwargwado. Ta bi shidan da aka zaɓa, suka yi tuntuɓe inda aka ce su yi, suka miƙe inda aka ce su miƙe. Goggo ta nuna taga ta ce ƙofa, sannan ta dafe ƙirji ta yi istigfari. Ina tsaye gefe ina jin alfahari irin wanda ban taɓa ji ba a kan aikin gaskiya.

Aka zo kan Inna.

“Ish ismik, ya hala?” Sunanta take tambaya.

Inna ta karkace kai. Ta dube ni, ta dubi fanka, ta ƙirga wani abu a yatsunta, sannan ta faɗi sunan a hankali kamar mai tsoron ya fashe. Mai dubawa ta tafa mata. Ta nuna mata kofin shayi, Inna ta yi dogon tunani ta ce ruwa. Yarinyar ta ce ba laifi, an kusa. Ta juyo gare ni ta ce tsofaffi sai da haƙuri, amma ta ga alamar ci gaba, za ta rubuta a ƙara shekara. Wallahi na ji maganar nan da kunnena. Saura kawai ta cike wasu gurabe a takardar kowace ɗaliba.

Ta tambaye ni inda Inna take zaune kafin Rusaifa, na ce Nakkasa. Ta sunkuya tana dannawa tana faɗin abin da take rubutawa a fili, yadda wasu ke yi: unguwa marar tsari, babu adireshi. Sannan ta ɗago, da zuciya ɗaya, ta ce mini da Larabcinta na sauri, tunda ta tabbata ni kaɗai ke ji:

“Alhamdu lillahi da aka fitar da su daga can. An ce mini ba gidaje ba ne ma, ramuka ne a jikin dutse, ko hanya babu. Miskinai, ko a mutu ba wanda zai san inda mutum yake.”

Na ga wuyan Inna ya miƙe. Na yi mata ido, na yi tari, na taka mata ƙafa. Goggo da ba ta ji abin da aka ce ba ta ga fuskar aminiyarta, ta kama gefen abayarta ta riƙe. Duk a banza.

“Babu adireshi?” in ji Inna da ƙarfi, da Larabcin Makka tsantsa, irin wanda ko a bakin tsofaffin masu shago ya fara ƙaranci. “Buɗe kunnenki, 'yata, ki rubuta. Ki sauka a titi wajen mai gasa gurasar tamis. Ki bar masallaci mai koriyar ƙofa a damanki. Ki hau matakala har gwiwarki ta fara yi miki magana, za ki ga famfo inda mata ke layi da jarkoki. Ki yi hagu. Gida na uku, ƙofar ƙarfe shuɗiya, mijina ne ya ɗauko ta a ka tun daga ƙasa, ya huta sau biyu kawai. Mai gas ya san gidan, ungozoma ta san shi, mai wankan gawa ta san shi, ba ta taɓa ɓata ba. Rami? A ramin nan na aurar da 'ya'ya huɗu, na ciyar da mutum ɗari a rana ɗaya, har Larabawa 'yan'uwanki sun hau sun ci sun nemi ƙari!”

Da a nan aka tsaya, wataƙila da na ce aljanu ne suka hau ta, kuma na fara shirya wannan bayani a raina. Sai Goggo ta saki abayar.

“Na huɗu ne,” ta ce, ita ma da Larabci, da muryar nan tata ta saman dutse. “Daga famfo gidan mai ɗinki, sai na 'yan Barno, sai nawa, sannan naki. Na huɗu!”

“Gidan mai ɗinki ba a lungunmu yake ba, ƙofarsa tana kallon masallaci!”

“Bayan ambaliya ya juya ƙofar!”

Shi ke nan aji ya ɓarke. Wadda ta yi tuntuɓe a kan kalmar kujera minti goma da suka wuce ta miƙe tana kawo tarihin ambaliyar. Wata ta ce famfon ma ai biyu ne. Aka rabu gida biyu, ana rantsuwa, ana kiran matattu shaida, duk da Larabci, saboda da shi aka fara kuma ba wadda ta tuna ta sauya. Amaren nan uku suka rufe fuska da mayafi kafaɗunsu suna rawa. Ni kuwa na nemi kujera na zauna.

Mai dubawa ta bi su da kallo baki buɗe. Da ƙura ta lafa, ta tambayi Inna a hankali, wannan karon da murya irin ta mutane, shekararta nawa a Makka. Inna ta ce ba ta ƙirga ba, amma ta tuna lokacin da ake sayen ruwa a wurin masu ɗauka a kafaɗa. Yarinyar ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta dafa tebur, sannan na ga ta goge ido, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Ta nemi gafarar Inna kan maganar rami, ta sumbaci kanta. Aka fito da kuloli daga ƙarƙashin abaya tunda babu sauran abin ɓoyewa, ta ci fanke uku, aka ƙunsa mata wasu.

Mai dubawar ba muguwa ba ce, kuma ba maƙaryaciya ba ce, wannan ne ya kashe mu. Ba ta rubuta cewa mun yi yaudara ba, ta rufa mana asiri ni da mudira. Ta rubuta cewa ɗalibai sun kai matakin da ake nema, shirin ya yi nasara. Bayan 'yan makonni aka yi ɗan biki, aka ba kowace takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, cewa ta kammala kuma ta saje da jama'ar gari. Aka mayar da tallafin wata unguwa inda aka ce akwai masu buƙata. Aka yaba wa cibiyar, aka yaba mini. Motar ta mayar da kowa gida ranar, ba ta sake dawowa ba.

Na yi fushi, kuma ni in na yi fushi ba na iya yin shiru. Alawus ɗina ya tafi, amma ba shi ya fi ƙona mini rai ba, ganin Inna ta koma bakin taga ne. Duk ranar da ta ce gidan ya yi mata shiru sai in ce, “Ai da kin bari an ƙara mana shekara.” In ta ce tana kewar Goggo sai in ce, “Minti biyu kawai aka ce ki riƙe bakinki, Inna. Ke kika rufe ajin nan, ba kowa ba.” Takan ɗaga kai ta ce ko gobe aka sake kiran gidanta rami za ta maimaita. An yi alkawarin ziyara ranar rabuwa, an yi ta rantsuwa, amma wannan gwiwa ta hana ta, waccan ɗanta ba ya samun sukuni, tasi zuwa hanyar Jidda kuma ba abin yi kowane mako ba ne. Sau ɗaya na kai ta wurin Goggo. Na ce za mu koma bayan azumi.

Wata huɗu da rufe ajin na haɗu da ɗaya daga cikin amaren a Mansur tana tayin tumatir da Larabci kamar a nan aka haife ta. Ta gan ni ta saki ledar ta ce, “Malama, ya haƙuri?” Na ce haƙurin me. Ta ce Goggo ta rasu kwana biyar da suka wuce, an yi mata salla a Harami bayan la'asar an kai ta. 'Ya'yanta sun sanar a waya, a rubuce, ga waɗanda suke da lambarsu. Lambar Inna tana cikin wayar Goggo, ba wanda ya duba.

Na yi ta juya yadda zan faɗa mata har na iso hawa na uku, a ƙarshe na faɗa kawai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in miƙo mata abayarta. Muka ɗauki tasi zuwa hanyar Jidda, muka tarar an tashi daga zaman makoki, an naɗe tabarmi. Matar babban ɗan ta karɓe mu da ladabi, ta kawo gahawa da dabino, ta tambaye mu ko mu dangi ne. Inna ta ce maƙwabta ne. Muka yi addu'a muka fito, ko rabin sa'a ba mu yi ba.

A hanyar dawowa tana kallon waje, hannunta a kan gwiwa. Mun kusa Rusaifa ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

“Da na bar yarinyar nan ta ce rami ne. Me zai ragu a jikina? Ai sun riga sun rushe shi. Wata huɗu, sau biyu a mako. Ke da kika yi makaranta, zama nawa ke nan?”

Ban lissafa mata ba. Na ce, “Inna, ba ke kika rufe ajin nan ba. Dama ƙarya ce, ko ba ranar ba wata rana za ta fito.”

Ta ci gaba da kallon waje. Wata huɗu na yi ina gaya mata ita ta rufe shi, kuma a lokacin ta ji ni sarai.